Ƙafar Hagu a Kan Ƙanƙara

Ban yi boko mai nisa ba. A firamare na tsaya, sai allo da 'yar Islamiyya ta yamma. Amma Allah ya ba ni ido. In na shiga ɗakin mutum, kafin in zauna na san an canza labule, na san yaron gidan ya yi kuka ba da daɗewa ba. Sai kuma ya haɗa mini da tsoro. Duk abin da idona ya gano, zuciyata sai ta ƙara masa gishiri.

Shekarar da aka buɗe jirgin metro muka zo Dubai, ni da 'yata, muka tarar da mahaifinta. Harkar kago yake yi. Yana sayen kayan gyaran mota a Ras Al Khor, ya loda kwantena zuwa Kano. Fulat ɗinmu a Deira yake, bayan layukan Naif, a saman wani shagon jakunkuna. Daga tagar kicin ina jiyo Hausa a ƙasa kamar ina Kantin Kwari, sai dai a tsakiya ka ji an jefa "yalla" da "khalas".

'Yar fari ce, ba na faɗin sunanta. Ballantana ma sunan surukata aka sa mata. Ni "ke" nake ce mata, babanta ya ce "Mamana", kakar kuwa ta ce "takwara".

Bahaguwa aka haife ta. Tun tana rarrafe da hagu take miƙa hannu. Kakarta ce ta gyara ta, tun muna gida. Ba da duka ba. In an zuba abinci sai ta zura mata safa a hannun hagu, ta ɗaure da tsumma, ta zaunar da ita a cinya. In ta miƙa hagu za ta karɓi abu, sai tsohuwar ta janye ta ce, "Wannan hannun banɗaki ne, takwara. Kawo na mutane." Kafin mu taso ta koma dama tsaf. Ci da dama, gaisuwa da dama, sa takalmi ta fara da dama, da ta shiga makaranta rubutu ma da dama. Na ji daɗi a lokacin, kuma har yau ban ce an yi laifi ba. Muka manta da zancen gaba ɗaya.

Wanda bai yi bazara a Dubai ba bai san zafi ba. Yara ba su da wajen zuwa sai mol, manyan kasuwannin nan na rufe masu na'urar sanyi. A tsakiyar wani babban mol akwai filin ƙanƙara, fari fat, an kewaye shi da gilashi, mutane suna sulu a kai da takalma masu wuƙa a ƙasa. Ran da muka fara wucewa ta wajen, yarinyar ta manne da gilashin ta ƙi tafiya. Ina jan ta ina faɗa, sai na ji daga bayan wata kanta an ce da Hausa, "Hajiya, bar shi ya gwada mana. Ƙanƙara ba ya cizo."

Wata 'yar Ghana ce, 'yar Zango, ita ke ba da hayar takalma. Hausarta irin tasu ce, mace ma "shi" take ce mata. Anti muke kiran ta. Ita ta ɗaure wa yarinyar takalmi na farko da hannunta. Ni kuwa na tsaya ina karanto duk addu'ar da na iya.

Abin da na fara lura da shi, kowa a filin gefe ɗaya yake bi, kafaɗar hagu a ciki, kamar masu ɗawafi. Ba mai saɓawa. Yarinyar ta shiga cikinsu ta bi.

Ba a yi wata biyu ba wata Baturiya mai koyarwa, 'yar Rasha, doguwa, marar yawan dariya, ta aiko Anti ta ce mini yarinyar nan tana da jiki, a bar ta ta koya. Koci ake ce mata. Babanta lokacin kasuwa tana yi da shi, kuma duk abin da Mamansa take so ya zauna. Haka muka shiga. Juma'a da Asabar da sassafe, kafin a buɗe shaguna, sai kuma wasu ranakun bayan an tashi makaranta. Ina ɗauke da filas na shayi mai citta da kanumfari, da rigar sanyi, da man zafi. Ban yarda da sanyin nan ba. A gida ce mana aka yi sanyi yana shiga jikin 'ya mace ya zauna. Darasin farko ma yadda ake faɗuwa aka koya musu. Na ce wa Anti, "Yanzu kuɗi aka biya a koya wa yaro faɗuwa?" Ta yi dariya har da buga tebur.

Sauran iyayen suna daga tsaye suna kiran sunayen 'ya'yansu, suna tafi. Ni ba na kira. Ina can kujerar ƙarshe, na rufa da mayafi, kamar ba tare muka zo ba. Amma ba abin da ke wuce ni. Na san ƙarar wuƙa in an sauka daidai, wani "shuu" mai laushi. Na san ƙarar in an sauka a karkace, kamar an kankare tukunya.

Shekara biyu tana ci gaba. Ta iya tafiya da baya, ta iya juyi kamar katantanwa, ta iya ƙananan tsalle. Sai dai komai da wahala take samun sa. 'Yan ajinsu su iya abu a mako, ita sai ta yi wata tana fama, taurin kai ne kawai yake kai ta. Duk da haka aka sa ta cikin waɗanda ake shiryawa gasa. Sai aka zo kan wani tsalle da suke kira aksel. Ana shigarsa da gaba, a juya a sama, a sauka da baya a kan ƙafa ɗaya. Wanda bai iya shi ba, ba ya gaba.

Nan ta tsaya. Ta tashi, ta juya, ta zube a kwankwason dama. Ta miƙe, ta karkaɗe, ta sake. Watanni ana haka. Kullum muka dawo sai na dafa ruwa na gasa mata da tawul. Wurin ya kumbura ya yi baƙi. Ba ta kuka, sai ta ciji filo.

Wata rana babanta ya dawo daga sito da wuri, ya tarar ana gashin. Ya tsaya a ƙofa bai ko cire hula ba.

"Mamana, tashi ki taka in gani."

Ta tashi ta taka, tana ƙoƙarin ɓoye ɗingishi.

"Wannan wasa ne ko dambe?"

"Abba, saura kaɗan wallahi."

"Tun azumi nake jin saura kaɗan. To ki ji. Daga nan zuwa hutun makaranta, in ba ki daina faɗuwar nan ba, khalas, shi ke nan. A ba wa 'yar wani takalman. Ba zan mayar wa Hajiya takwararta da sanda ba."

Ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ina matse tawul. A raina kuwa, gaskiya, hamdala nake yi. Abin da na daɗe ina roƙo ne ya zo da ƙafarsa, kuma ba daga bakina ya fito ba.

Bayan 'yan kwanaki, da la'asar, ina kicin ina tuƙa tuwo. Tsakanin kicin da ɗaki akwai ɗan lungu mai tayil. Ta sa safa tana sulu a wurin, ba ta san na juyo ba. Sai na ga ta ɗan durƙusa, ta tashi sama, ta juya, ta sauka. Ko motsi ban ji ba, kamar kyanwa ta diro daga katanga. Ta sake. Haka.

Na tsaya da muciya a hannu. Wani abu ba daidai ba ne, na kasa gane ko mene ne, sai da ta yi na uku. A fili, in za ta juya, kafaɗar dama ce take shigewa gaba, ta sauka a ƙafar dama, yadda duk yaran suke yi. A nan kafaɗar hagu ce ta shige, jelar kitsonta ta bi ta ɗaya gefen, ta sauka a hagu.

"Ke."

Ta firgita. Nan take ta mayar da hannun hagu baya, kamar yadda take yi tana ƙarama in kakarta ta kama ta.

"Mantuwa na yi, Umma. Ba zan ƙara ba."

"Na ce kin yi laifi? Sake in gani."

"Baibai ne fa."

"Wa ya ce baibai ne?"

"Ba wanda ya ce. Ranar farko Koci ta tambaye mu hannun da muke rubutu da shi, na ce dama. Ta ce kowa ya juya ta gani, na kalli sauran na yi irin nasu." Sannan ta ƙara da cewa, "Ai dama ce mai kyau."

Tuwon ya kama a ƙasan tukunya ranar.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ci gaba da kai ta, na ci gaba da zama a kujerata. Sai dai yanzu idona ya riga ya gani. Duk sanda ta tashi sama, ina ganin jikinta yana son bin wani gefe, ita tana fizgo shi zuwa wani, kamar mai jan akuyar da ta turje. Kuma na lura da wani yaro babba, ɗan wata ƙasa, shi kaɗai yake juyawa saɓanin kowa, ba wanda ya hana shi. In zai yi tsalle ma har buɗa masa hanya ake yi. Na tambayi Anti a fakaice. Ta ce, "Wancan? Bahago ne. Haka Allah ya yi shi. Akwai su, ba su da yawa."

In na yi shiru, hutu zai zo, a rataye takalma, kwankwaso ya warke, in huta da sanyi da fargaba. In na yi magana, ni da kaina na mayar da ita kan ƙanƙara. Ga kuma wani abu da ya tsaya mini: tsohuwa ta yi wahala ta gyara jikarta, ni kuma in je in ce a sake ta ta koma hagu? Da wane ido zan kalle ta? Sai na ce bari in kira ta. Na tabbata za ta hana, ka ga shi ke nan na sami madogara.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kira Kano. Muka gaisa, na tambayi ƙafa, na tambayi mutanen gida. Na yi ta kewaye-kewaye, sannan na faɗa mata.

"Tsaya," in ji ta. "Wannan shirmen na kan ƙanƙara har yanzu ba ku bari ba?"

"Ba a bari ba, Hajiya."

"Ikon Allah. Mutane suna sayen ƙanƙara su sa a zoɓo, ku kuna hawa kai. To yanzu mene ne?"

"Cewa na yi, in za ta yi daidai, sai dai ta riƙa sauka a ƙafar hagu. Na ce ko bai kamata ba."

"Da ƙafar za ta ci tuwo?"

"A'a."

"Da ita za ta gaida mutane?"

"A'a, Hajiya."

"To ni hannu na ɗaure, ban ɗaure ƙafa ba. Da can da wace ƙafar take tafiya, ba duka biyun ba? Ba ni takwarar in ji, 'yar banza mai ƙashin tsiya, ita ba za ta zauna a ƙasa kamar kowa ba."

Ina jin su suna ta tsiya, yarinyar tana cewa, "Ke da ko matattakala ba kya iya hawa." Na koma kicin na zauna a kan bokiti. Madogarar da na nema ta rushe.

Washegari da sassafe na tarar da Anti tana jera takalma. Na ce ta zo ta yi mini tafinta. Ban taɓa yi wa Koci magana ba sai gaisuwa da ka. A wajenmu uwa ba ta zuwa gaban mutane ta tsaya a kan zancen 'yar fari, ga shi kuma zan gaya wa mai sana'a abin da ya shafi sana'arta. Na dai daure na ba da labarin safa da tsumma, da abin da na gani a lungun kicin. Anti tana juyawa da Turanci.

Koci ta saurara har na gama. Ta kira yarinyar ta fito daga fili, ta sa ta cire takalma ta tsaya da safa a kan roba. Ta zagaya bayanta, ta tafa hannu ba zato. Yarinyar ta waiwayo ta dama. Ta ce ta yi tsalle yadda take yi a gida. Yarinyar ta kalle ni. Na ɗaga mata kai. Ta yi.

Matar ta dafe kai da hannu biyu, ta faɗi wata magana da yarensu wadda ko Anti ba ta ji ba. Sannan ta durƙusa daidai tsawon yarinyar ta yi mata magana a hankali. Ina kallon fuskar 'yata tana canzawa.

"Me ta ce?"

Anti ta ce, "Ya ce gaskiyarki. Amma komai sai an sake daga farko. Juyi, ƙananan tsalle, duka ta ɗaya gefen. Gasar bana babu shi. Zai koma ajin ƙanana."

A cikin metro ba ta zauna kusa da ni ba. Ta tsaya jikin ƙofa da jakarta, tana kallon waje, hawaye yana zuba. Da muka sauka ta ce, ba ta kalle ni ba, "Da kin bar ni, da saura kaɗan." Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. A ajin ƙananan duk ta fi su tsawo, wasu ma da kyar suke tsayuwa. Ƙawayenta na da suna wucewa da rigunan gasa.

Saura babanta. Wa'adinsa yana nan, kuma sabon koyo sabuwar faɗuwa ce. Na bari ya ci abinci ya sha shayi, sannan na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Alhaji, alfarma nake nema. Maganar hutun nan, a ɗaga."

Ya sauke waya ya dube ni. "Ke? Ke da kike tafiya da man zafi kamar mai kemis?"

"Ni."

"Faɗuwar ta ragu ne?"

"Ƙaruwa ma za ta yi, na ɗan lokaci."

"To ban gane ba, habibti. Na ce a daina faɗuwa, kin zo kina yi mini albishir da ƙari."

Na yi masa bayani yadda na iya. Na ce kamar a ɗauko motar da sitiyarinta yake dama ne, a ce dole sai ta hagu za a tuƙa ta. Wannan ya shige shi, don harkarsa ce. Ya juya kofin a hannunsa.

"Hajiya ta sani?"

"Ta ce ita hannu ta ɗaure."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya natsa ya ce, "In ta karye fa?"

"Ni ma shi nake tunani kullum. Amma da na gan ta a lungun can, ban ji tsoro ba. Tunda aka fara abin nan, ranar ce kaɗai ban ji tsoro ba."

Bai ce ya yarda ba. Ya dai ce, "Shwaiya shwaiya dai, a bi a hankali." Hutu ya zo ya wuce, ba wanda ya tayar da zancen.

Ta faɗi sosai a watannin farko, yanzu a kwankwason hagu. Na ci gaba da dafa ruwa. Amma abin da a da yake cin ta wata, sai ya zama kwanaki. Ƙarar kankare tukunya ta ragu. Wata Asabar ina tsiyaya shayi na ji "shuu", na ɗago, na gan ta tana tafiya da baya a kan ƙafar hagu, hannuwa a buɗe, baki a buɗe, ita kanta ba ta yarda ba. Koci ta ce kalma ɗaya, Anti ta leƙo ta ce mini, "Ya ce a sake."

Gasarta ta farko sai a shekarar da ta biyo baya. Ƙarama ce, ta yaran filayen da ke cikin ƙasar. Wani tela ɗan Kano a Naif ya ɗinka mata riga mai dogon hannu, shuɗiya, ta sa da wando mai kauri. Babanta ya bar lodi ya zo, da babbar riga da rigar sanyi a sama, yana ta hura hannu. Da aka sake su su motsa jiki, duk yaran suna juyi gefe ɗaya, tawa ita kaɗai tana saɓa musu. Ya matso ya ce, "Ba za su ce ta yi kuskure ba?"

"Ba za su ce ba."

Aka kira sunanta a lasifika, sunan surukata, ya cika mol ɗin. Kiɗa ya tashi. Ban kalli fuskarta ba, ƙafafun na bi. Da ta zo aksel, ta tashi, ta juya, ta sauka. Ƙafar ta ɗan girgiza, ta riƙe. Daga baya a wani ƙaramin juyi, abin da ba ta taɓa faɗuwa a kansa ba, ta taɓa ƙanƙara da hannu. Ba ta zo ta ɗaya ba. A tsakiya ta faɗo, aka ba ta 'yar lamba irin wadda aka ba kowa.

Muka hau sama wajen masu abinci. Anti ta biyo mu da rigar aikinta. Aka kawo shinkafa da kaza, yarinyar ta yi bisimilla ta sa hannun dama. Babanta ya sunkuya ya ɗauko takalmin daga jaka, ya juya shi, ya danna bakinsa da babban yatsa.

"Mamana, wannan bai matse ki ba?"

"Ya fara, Abba."

"Shi ne ba ki faɗa ba?" Ya juyo wajen Anti. "Malama, ina ake samun na gaba da shi?"

Ni kuwa na buɗe filas na tsiyaya wa yarinyar shayin, na tsaya a kanta sai da ta shanye da zafinsa.